Atiliye Uku da Rabin Rumfa

Ranar sunan ɗiyar ɗana Sanusi ina zaune a zaure na ji shi da kunnena yana gaya wa wani abokinsa cewa ai da muna da rumfa a kasuwa, Baba Lawali ne ya danne ta, ya tura babanmu lungu. Abokin ya ce Allah ya isa, Sanusi ya ce amin. Ban tanka ba don gida cike yake da baƙi. Ashe abin da kuke ɗauke da shi a ciki ke nan, shi ya sa in ƴaƴan Lawali suka shigo kuke gaisawa da su kamar an tilasta ku. Lawali yana kabari, ba shi da bakin kare kansa, innarku kuma ta ce ba da bakinta za a ji ba. To ni zan tona kaina. Karatuna bai yi nisa ba, ina ƙaramin aji na bar lakwal, wato makarantar boko, na koma gindin fata, don haka ku yi haƙuri da rubutun, ku riƙe maganar. Babu wanda ya ƙwace mini rumfa. Kalma guda ta Faransanci ce ta fitar da ni, ita da girman kaina, kuma girman kan ya fi ta laifi.

Rumfar nan kakanku ya bar mana ita mu biyu, ni da Yaya Lawali. Ba wata babba ba ce, amma tana ɗaukar baduku biyu kowa ya miƙe ƙafa. Shi yana gefen gabas, ni ina yamma, gungumen da muke yanka fata a kai yana tsakani. Muna ɗinka takalma fade, da kube, da gafaka, da alabe, in biki ya matso mu yi tumtum. Ranar Alhamis mutanen Zermu da na Mirriya su shigo su kwashi abin da suka kwasa. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba, sai dai takalmin roba ya fara cin kasuwarmu, ni kuwa zuciyata ta fara raina zaman. Lawali mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. In ya sunkuya a kan basilla sai ka yi masa zance uku kafin ya ba ka amsar na farko. Ni ga ni da baki, ga son a ce ni ne na san gari.

Ana cikin haka ne rediyo ta ishe mu da zancen gwamnati za ta tallafa wa masu ƙananan sana'o'i. Safe da yamma magana ɗaya: a daina jiran aikin biro, wato ofis, kowa ya tashi ya kafa nasa, ga furoje nan, wato shirin tallafi, ya zo da zai riƙe hannun talaka. Wata rana sai ga wani saurayi da jaka a kafaɗa yana bin layin dukawa rumfa rumfa. Isufu sunansa, ana ce masa Mushe Isufu, wato Malam a Faransanci, ma'aikacin furojen ne, ɗan nan Damagaram, yaron kirki mai ladabi, sai dai Hausarsa rabi da rabi ce da Faransanci kamar ta duk ƴan biro. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce yana rubuta sunayen masu sana'a ne, duk wanda ya shiga za a ba shi atiliye uku.

Ku kun yi lakwal, na san har kun fara murmushi. Ni kuwa a duniyata atiliye abu ɗaya ne, shagon mai sana'a. Atiliyen tela, atiliyen kafinta, atiliyen masu ƙera ƙofofin ƙarfe, mai ƙyaure da makulli da suna a rubuce a sama. Ban taɓa sanin cewa ƴan biro in sun taru a ɗaki suna shan surutu shi ma atiliye suke ce masa ba. Na ajiye takalmin da nake ɗinki na matso.

"Mushe, uku ka ce? Kowane mutum?"

"Kowane mutum, Malam Mutari. Na farko a nan cikin gari, bakin babban titi, gidan sama."

"Da kujeru da tebura?"

"Da komai. Ga fanka, ga kuran, wato lantarki, in an ɗauke wuta akwai inji."

"To mu me za mu biya?"

"Ko dala. Ku ne ma za a riƙa ba kuɗin mota da abinci."

Wallahi ƙarya ko ɗaya yaron nan bai yi mini ba. Kowace amsa gaskiya ce, ni ne nake ɗora ta a kan ginin da na riga na gina a kaina. Na ba da sunana. Ya juya wajen Lawali, Lawali ko ɗago kai bai yi ba, ya ce shi a bar shi da basillarsa. Da yaron ya wuce sai ya ce mini:

"Mutari, gwamnatin da ta kasa yashe kwatar da ke bayan rumfar nan tun Baba na da rai, ita ce za ta gina maka shago uku?"

"Kai dai ba ka son ci gaba, Yaya."

"Ina so. Ka bari ka riƙe makullin a hannunka tukuna."

Da na bar maganar nan a wurin da yau ba na wannan rubutu. Amma na kwashe ta na kai fada wajen shan shayi, na kai masallaci, na kai gidan surukai. Kafin mako ya zagayo rabin unguwa sun san Mutari zai koma gidan sama. Mutane suka fara ce mini patoro, wato maigidan ma'aikata, ni kuma ina amsawa da murmushi. Duk lokacin da na dawo rumfa na tarar da Lawali a sunkuye sai in ji haushinsa, kamar shirunsa ƙaryata ni yake yi. Rannan ya sake cewa in yi a hankali, a gaban wasu baƙi daga Zermu, sai na fashe. Na ce hassada ce ke cin sa, na ce a kan buzun Baba zai mutu yana ɗinka wa ƙauyawa kube. Na faɗa wa wana haka, mutumin da ya koya mini riƙon wuƙa, a gaban ƙauyawan da ke ciyar da mu. Shi kuwa ya ci gaba da jan zarensa.

Washegari na nemi Idi, wani mai tallar takalman roba da ya daɗe yana neman wurin zama, na sayar masa da rabona na rumfar a gaban shaidu da mai unguwa. Ba don na rasa mai saye cikin dukawa ba. Na zaɓi mai roba ne da gangan, don Lawali ya riƙa kallon abin da ke kashe sana'arsa yana lilo a gefen kunnensa. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba, har innarku. Abin da na samu na sayi fatu jemammu masu yawa, don mai shago uku ba ya zama da fata ɗaya, na ɗinka shadda, na sa aka zana mini allo da sunana da manyan baƙaƙe.

Iya, kakarku, tana da rai lokacin, idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Ta sa aka kira ni ɗakinta.

"Mutari, an ce ka sayar da inuwar ubanka."

"Iya, inuwar da ta fi ta zan shiga."

"Ka shiga ɗin?"

"Saura kaɗan."

"To mai saura kaɗan ai a rana yake tsaye. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska."

Innarku Rakiya ita ba ta yi faɗa ba. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Malam, ka ga ƙofar wurin kuwa da idonka?" Na ce mata harkar gwamnati ba a yi mata garaje, kuma ba zancen mata ba ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar da aka kira mu na sa shaddata, na ɗauki amalanken jaki na loda jakar kayan aiki da ƙunshin fatu da allon sunana. Gungumen ne kawai na bari don Lawali ya zauna a kansa ya ƙi tashi. Muka isa, ga gidan sama kuwa a bakin titi, sai dai otel ne. Mai gadi ya tare jakin ya ce ina zuwa da wannan tarkace. Na ce masa ya yi hankali da bakinsa, ni ɗaya ne daga cikin masu wurin. Na shige na hau bene. Na tarar da wani dogon ɗaki, tebura a jere an lulluɓe su da farin ƙyalle, fanka na juyawa, mutane sun cika, teloli da masu sabulu da masu man gyaɗa da makanikai. Wata mata a bakin ƙofa ta miƙo mini bik da kaye, wato alƙalami da littafin rubutu, da wata ƴar takarda ta ratayawa a wuya. Na duba ko'ina ban ga inda mutum zai baza fata ba. Na hango Mushe Isufu na jawo shi gefe.

"Mushe, wane ɓangare ne nawa? Kayana suna ƙasa, mai jaki yana jira."

"Waɗanne kaya?"

"Kayan aiki mana. Ko sai an raba makullai?"

Ya dube ni, ya leƙa ta taga ya ga jaki da allo. Dariya ta taso masa, ya danne ta, sai fuskarsa ta canza.

"Malam Mutari, ai wannan shi ne atiliyen. Taro ne. Horo za a ba ku."

"Sauran biyun fa?"

"Su ma taro ne."

Ban san yadda na sauka benen ba. Na sallami mai jaki ya kai kayan gidan wani abokina a unguwar Kara-Kara, can inda ba mai sanina sosai, na hau na koma na zauna a kujera, don ban san inda zan nufa ba. Aka ce mu tashi mu yi da'ira. Wani babban mushe da ya zo daga Yamai ya fito da ƙwallo, ya ce duk wanda aka jefa wa ya faɗi sunansa da burinsa. Ni da gemuna, na sayar da gadon ubana, ga ni tsaye ina cafe ƙwallo ina cewa sunana Mutari. Bayan nan aka zana mana itace a babbar takarda, aka ce saiwar ita ce tunani, rassan su ne riba. Aka ce mu daina kiran kanmu dukawa da teloli, mu ƴan kasuwar zamani ne. Da rana ta yi aka ba mu burodi da kifin gwangwani da lemo, aka ɗauke mu hoto muna ɗaga hannu.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba da kaina kaɗai ba. Mutanen nan sun taso tun daga Yamai da motoci masu sanyi don su koya wa mai man gyaɗa cewa sai ta sayar za ta samu. Ba wanda ya tako layin dukawa lokacin damina ya ga yadda ruwan kwata ke shiga mana har gindin fata. Ba wanda ya tambaye mu me ya sa fata mai kyau ke tsallake mu ta wuce Kano, mu a bar mu da mai huji. Abin da aka kashe a ƙyallen tebur da lemo da hoto da ya yi wa layinmu rufin kwano. Ba na cewa komai banza ne, a nan na fara jin cewa aljihun sana'a daban, na cefane daban, kuma ya amfane ni daga baya. Amma don Allah, mai neman taimakon mutum ba sai ya fara yi masa magana da harshen da yake ji ba? Da yaron nan ya ce taro, taro kawai, kalmar da kowace tsohuwa ta sani, da na ce masa ina da aiki.

Wannan nasu ne. Ga nawa. Da na koma gida Rakiya ta tambaye ni yaya wuri, sai na ji bakina yana cewa ana fenti. Na ce wurin ya yi kyau, sai dai ba a gama haɗa wuta ba. Daga ranar kullum sai in sa shadda in fita da safe kamar mai zuwa aiki, in tafi Kara-Kara in zauna wajen mai shayi har la'asar. Ba na iya baza fata a gida, don yin haka ya zama na faɗi gaskiya. Ba na iya bi ta kasuwa don kada in haɗu da Lawali. Damina ta shigo, ɗakin abokina yana yoyo, fatun suka yi fumfuna, gara ta samu na ƙasa. Na je taro na biyu, na je na uku, don kuɗin motar da ake ba mu shi nake kawowa gida in ce ciniki ne. Tukunyarmu kuwa ba ta daina hawa wuta ba, ban kuma tambayi dalili ba don ina tsoron amsar. Rakiya ta fara yin alkaki tana bayarwa ana kai mata tasha. Na ga hannunta duk ƙuna, na kau da kai.

A taro na uku aka zo da maganar da kowa ke jira. Aka ce akwai kekunan ɗinki da injuna da za a raba, har da keken ɗinkin fata. Sharaɗi biyu ne: mutum ya yi rajista a biro a ba shi lamba, kuma ya kasance yana da tabbataccen wurin sana'a, za a zo da mota a gan shi a ciki yana aiki. Na ji kamar an kwaɗa mini gungume a ka. Wurin da na sayar don na shiga furoje, shi furoje yake nema kafin ya dube ni. Lawali mai wuri bai ba da suna ba, ni mai suna ba ni da wuri. Maimakon in tsaya nan, sai na ƙara wata. Na je biro na yi rajista, da aka tambaye ni inda nake aiki na faɗi rumfar Baba.

Motar furoje ba ta zo ba. Wanda ya fara zuwa shi ne mai karɓar lanfo, wato haraji, da lambata a hannu, yana tambayar ina Mutari mai atiliye. Sai ya tarar da Lawali a rumfar. Da yamma Lawali ya aiko a ce mini gobe in zo kasuwa. Na shiga ɗaki na zauna na rasa abin yi, sai na ce wa Rakiya ina da magana. Ta ce:

"In ta fenti ce, Malam, ka huta. Hajiya Mariyama mai sabulu tana bayanka ranar da kake cafe ƙwallo. Tun a ranar na sani."

"Kika yi shiru duk watannin nan?"

"Na tambaye ka sau ɗaya ka ce ba zancen mata ba ne. Hatsin da kake ci ma ba alkakina kaɗai ba ne. Yaya Lawali ke aikowa, ya ce in na gaya maka ya daina."

Da safe na tafi kasuwa ba shadda. Takalman roba ja da kore suna rataye a gefen da na tashi a cikinsa, Idi ya sa zana ya raba rumfar biyu. Lawali yana nasa gefen a sunkuye. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Kuma ku ji irin halina, ko a nan ban fara da neman gafara ba. Na ce masa in masu mota sun zo, don Allah ya ce musu a nan nake aiki, in na samu keken sai mu riƙa amfani da shi tare.

"Ba na shaidar zur, Mutari. Na gaya wa mai lanfo ba ka nan, su ma haka zan gaya musu."

"To Yaya, ko za ka yi wa Idi magana ya mayar mini?"

"A gaban mai unguwa ka sayar masa. Mutumin nan yana da iyali. Kai ka kawo shi, ba ni zan kore shi ba."

Ya gama layin ɗinkin da yake yi, ya yanke zare da haƙori, sannan ya dube ni karo na farko.

"In kana son a gan ka a nan kana aiki, sai ka zauna a nan ka yi aikin. Hannunka bai manta ba ko?"

"Ina wurin yake, Yaya? Ko kai ɗaya da ƙyar."

Ya tashi ya ja buzunsa daga jikin bango ya kawo shi bakin rumfa, ya tura gungumen tsakiya, ya nuna mini lungun da ya tashi. A nan na yi kuka, na ce ya yafe mini abin da na faɗa a gaban mutanen Zermu. Ya ce in bar ɓata masa lokaci, ga kube guda shida ana jira.

Keken bai zo ba har yau. Da na je biro tambaya aka ce wancan furojen ya ƙare, wani sabo ya zo da sabon suna, in ba da sunana za a kira ni atiliye. Na ce musu na ƙoshi. Lanfo kuwa bai taɓa ɓatan hanya ba, kowace shekara sai ya same ni.

Ku kun tashi kun gan ni a matse a lungu, gwiwata tana taɓa haɓata, shi yana bakin ƙofa inda masu ciniki ke fara tsayawa, kuka yanke hukuncinku. Ba wanda a cikinku ya taɓa zama a wurin nan daga hantsi zuwa la'asar. Rufin rumfar bai kai bakin ba. Lungun da ya ba ni shi ne kaɗai inda inuwa ke wuni. Shi kuwa tun daga ranar har ciwon da ya kwantar da shi, kansa ne kawai a inuwa, bayansa da ƙafafunsa a rana suke, in ruwa ya sauko a kansa yake ƙarewa. Na sha cewa mu yi musaya, sai ya ce shi ya fi son ganin masu wucewa. Lawali, da bai taɓa ɗaga kai ya kalli mai wucewa ba.